Kara ɗaya na tabar Kuba ya kai kuɗin da ake sayar da shi kuwa?

Garba_Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar nan. A watan Nuwamba wani ɗan Labanan da nake sayen yadi a wajensa a Dubai ya ba ni kyautar taba kara uku, irin manyan nan masu ruwan ƙasa da ake cewa sigar. Kowace tana da zoben takarda baƙi da rawaya, an rubuta Cohiba. Ni mai shan sigari ne, ba zan ɓoye muku ba, amma irin wannan ban taɓa sa ta a baki ba. Da na dawo Kano sai na zuba su a durowa. Jiya da dare na ɗauko ɗaya, na tarar bayanta ya tsattsage kamar ɓawon albasa. Na yanke kan da reza na kunna, sai ɗaci da zafi, wutar tana cin gefe guda, tari ya sarƙe ni. Da na duba farashinta a intanet sai na ga kara ɗaya ya kai kuɗin buhun shinkafa. To don Allah mene ne a cikin abin nan? Akwai wani aiki ko ɗanɗano da ya kai wannan kuɗi, ko suna kawai ake saya?

Sadiq_Madrid:
Wa alaikumus salam Alhaji Garba. Kafin a zo maganar kuɗi, abin da ka sha jiya ba shi ne abin da aka ba ka ba. Hunturu ne ya kashe ta. Shekarata tara ina aiki a otal a nan, shida daga ciki ni ke kula da akwatin sigar na baƙi. Ana ajiye ta ne a danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Kai kuwa ka bar ta wata biyu a durowa a Kano, lokacin da leɓe ma ke tsagewa. Ganyen yana da wani maiƙo da ke ɗauke da ƙanshin, idan ya bushe ya tafi. Na biyu, ka zuƙa har ƙirji ko? Ba a haɗiye hayaƙinta. A baki ake riƙe shi a fitar.

Garba_Kwari:
Ƙwarai na zuƙa, yadda na saba. Ban san akwai wata ƙa'ida ba.

Ummu_Hanif:
Alhaji, ni da na ɗauka za ka ce wannan ta sa ka tuba ka bar tabar gaba ɗaya. Allah Ya yaye maka.

Sadiq_Madrid:
Bari in faɗi yadda ake gina ta, don a nan rabin amsar take. Sigari garin taba ne da aka yayyanka aka naɗe a takarda, inji ke fitar da dubbai a minti. Sigar mai daraja babu takarda a jikinta, ganye ne zalla, kuma hawa uku ne. Na ciki mutanen Kuba suna ce masa tripa, wato hanji. Ganyaye ne dogaye da ake lanƙwasawa daga kai har gindi yadda iska za ta ratsa. Sai ganye na biyu da ke ɗaure hanjin, capote. Sai riga ta waje, capa, wadda ita ce ido ke gani, ita ce kuma mafi tsada.

Hanjin kansa gauraye ne. Ganyen saman shuka, wanda ya fi shan rana, shi ne ligero, yana da kauri da ƙarfi, ba ya ci da sauri, don haka a tsakiya ake sa shi. Na tsakiyar shuka seco, shi ke da ƙanshi. Na ƙasa volado, ba shi da wani ɗanɗano sosai amma shi ke riƙe wuta. Idan mai naɗi ya sa ligero ya karkata gefe, to sai ka ga wuta ta gudu ta ɓangare ɗaya ta bar ɗayan. Idan ya matse hannu da yawa ka yi ta ja babu hayaƙi. Idan ya sassauta ta ci da sauri ta yi zafi. Kayan aikinsa allo ne na katako, da wata wuƙa mai lanƙwasa da ake kira chaveta, da ɗan ƙaro mara ɗanɗano na liƙe hular kai. Ƙwararre kan naɗa tsakanin 60 zuwa 150 a yini, ya danganta da girma.

Baban_Zariya:
Yaro ka yi bayani. Ni na yi aiki a kamfanin taba na Zariya tun ana ce masa NTC, a sashen karɓar ganye, har na yi ritaya. Abin da zan ƙara shi ne aikin da ke gaban naɗin. Ɗanyen ganyen taba ba ya shayuwa. Sai an rataye shi a rumfa ya yi makonni yana sauya launi daga kore zuwa rawaya zuwa ja-ja. Na sigar kuma daga nan sai a jiƙa shi kaɗan a tara shi tsibi guda a rufe, ya ɗauki zafi da kansa, kamar yadda matanmu ke rufe kalwa in za a yi daddawa. A cikin zafin nan ne yake fitar da wani wari mai hawa kai, ɗacin ya ragu. Dole mutum ya tsaya a kai yana duba zafin, in ya wuce kima a rushe tsibin a sake jerawa, na ciki ya dawo waje. In aka yi sake ya ƙone, aikin shekara ya tafi. Bayan haka a ɗaure shi a ajiye, wani shekara ɗaya, wani biyu ko fiye. Duk wanda ya taɓa jibge kuɗinsa a kaya na shekara biyu ba tare da ya sayar ba ya san dole farashi ya ɗaga. Garba kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sani.

Garba_Kwari:
Wannan gaskiya ne Baba. Kayan da ya kwana a sito kuɗinsa yake ci. Amma duk da haka, buhun shinkafa fa?

Ɗan_Damagaram:
Ni ban yarda aikin ne ya kai kuɗin ba. Masaƙin Tuareg da maɗinkin babbar riga mai aska takwas su ma watanni suke yi a kan abu ɗaya, kuma rigar za ka sa ta shekara ashirin ka bar wa ɗanka. Wannan kuwa awa ɗaya ta zama toka. Suna ake saya. An ce tabar Castro ce, shi kenan kowane mai kuɗi yana so a gan shi da ita.

Sadiq_Madrid:
Ɗan_Damagaram, a kan Cohiba kana da rabin gaskiya, kuma ba zan musa ba. An fara yin ta a 1966, jagoran Kuba Fidel Castro da manyan baƙin gwamnati kaɗai ke samu, sai a 1982 aka fito da ita kasuwa. Masana'antarta El Laguito a Havana. Ganyen daga zaɓaɓɓun gonakin Vuelta Abajo ne a lardin Pinar del Río, kuma wasu ganyayen hanjin ana ƙara musu wani zagayen rufi a cikin ganga. Wannan duk aiki ne na gaske. Amma a 2022 kamfanin Habanos, wanda ke sayar da tabar Kuba a duniya, ya ɗaga farashin Cohiba da wata sigar mai suna Trinidad ya daidaita shi da na Hong Kong. A idona aka yi. Kwalin da muke saye a wata ɗaya, wata na gaba ya ninka ko ya fi, ganyen bai canza ba, mai naɗin bai canza ba. Wannan ƙarin kam ba na ɗanɗano ba ne. Masu saye a Sin sun yi yawa, kayan ya yi kaɗan. A watan Satumba na 2022 ɗin kuma guguwar Ian ta rushe rumfunan shanya masu yawa a Pinar del Río, abin ya ƙara ƙaranci.

Ɗan_Damagaram:
To ai ka ga maganata ta fito.

Sadiq_Madrid:
Ta fito a kan kara mai zoben rawaya. Ba ta fito a kan sigar gaba ɗaya ba. Akwai wasu sigar Kuban, Partagás tun 1845 take, Montecristo tun 1935, su ma daga Vuelta Abajo, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na Cohiba ba.

Malam_Habu_Tsangaya:
Bayin Allah, na karanta duka. Ina ganin kafin a tambayi ko ta kai kuɗinta, a tambayi ko ya halatta a saye ta. Mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan haramcin taba saboda cutarwarta ta tabbata, ga kuma almubazzaranci. Mutum ya cinna wa kuɗin buhun shinkafa wuta alhali a layinsu akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ba ina zargin Alhaji Garba ba ne, kyauta aka ba shi. Amma nasiha wajibi ce.

Tarihi_Sakkwato:
Allah Ya saka da alheri Malam. Don cikar bayani dai, saɓanin nan tsoho ne a ƙasashenmu. Tun farkon ƙarni na 17 da taba ta shigo, Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawar halaccinta, wasu malaman kuma suka yi rubutu mai zafi suna haramtawa. Abin da ya bambanta shi ne a wancan lokacin ba su da ilimin likitanci da muke da shi yanzu a kan cutarwarta.

Malam_Habu_Tsangaya:
Haka ne, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa fatawar ta sauya. Da ya ga abin da likitoci suka gani, Allah ne Masani, amma ba na zaton zai tsaya a kan maganarsa.

Nas_Rakiya:
Ni a nan zan sa baki, don na ga Sadiq ya ce ba a haɗiye hayaƙin, kar wani ya ɗauka hakan na nufin babu illa. Ina aiki a sashen haƙori da baki. Hayaƙin sigar ba irin na sigari ba ne, sinadarin nikotin ɗinsa ta fatar cikin baki yake shiga jini, shi ya sa ba sai an zuƙa ba. Babbar sigar ɗaya tana iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari guda. Leɓe da harshe da dasashi da maƙogwaro duk suna cikin hayaƙin na tsawon awa. Na taɓa jinyar wani dattijo da aka cire wa wani ɓangare na harshe. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda yake son ya kira sunan jikarsa ya kasa fitar da shi daidai, sai ya riƙa yi mata alama da hannu. Ku yi hirarku ta ƙanshi, ban hana ba, amma ku sa wannan a lissafin kuɗin.

Sadiq_Madrid:
Anti Rakiya, ba ni da ja. Ban ce lafiya ce ba, kuma ban ce wanda ba ya sha ya fara ba. Ni kaina sai in yi wata biyu ban kunna ba. Tambaya aka yi a kan gini da ɗanɗano, ita nake amsawa.

Ɗan_Batouri:
Salamu alaikum 'yan'uwa, daga gabashin Kamaru nake. Na ga ana ta Kuba Kuba, na ce bari in shigo. Kun san ɗaya daga cikin ganyen riga da aka fi nema a duniya a nan yankinmu ake noma shi, da tsallaken iyaka a Afirka ta Tsakiya? Irinsa asali daga Sumatra aka kawo. A Kuba sai an shimfiɗa wa gonar ganyen riga yadi mai shara-shara a sama don rana kar ta sa shi kauri. Mu a nan gajimare ne ke yin wannan aikin. Ganyen siriri ne, yana da 'yan ƙuraje ƙanana a jiki da za ka ji in ka shafa, kuma yana da ɗan zaƙi-zaƙi da yaji. Kamfanin Arturo Fuente na Jamhuriyar Dominika da shi suke naɗe sigarsu masu suna Hemingway da Don Carlos.

Mahaifina ya yi dillancin goro a ƙauyukan da ake nomansa, ina yaro nakan bi shi. Na ga mata zaune a ƙasa suna shimfiɗa ganye ɗaya-ɗaya a kan cinya, suna ɗaga shi a haske su duba ko akwai huda ko tabo. Wanda ƙwaro ya taɓa ko da kamar kan allura ne, ya fita daga sahun riga, kuɗinsa ya faɗi. Abin da ke damuna shi ne, macen da ta yi wannan aikin ba ta taɓa ganin sigar da aka naɗe da ganyenta ba, kuma abin da take samu a yini bai kai kuɗin zoben takardar da ke jiki ba in ka kwatanta. Don haka in ana maganar ta kai kuɗinta, ni tambayata ita ce kuɗin wa yake kai wa.

Baban_Zariya:
Ɗan_Batouri ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Manomin taba ko'ina haka yake. Shi ke tashi da asuba ya karya furen don ganye ya yi faɗi, hannunsa ya yi baƙi da danƙo, in ya tsinki ganye da raɓa a jiki har jiri da amai yake yi. Ranar awo kuma wani ne zai ce masa ganyenka mai daraja ta uku ne. Na zauna a kujerar mai faɗin hakan, na san nauyinta.

Hajiya_Zango_Kumasi:
Baba da ka ambaci fure ka tuna min da kakata. Furen taba take gogawa a haƙora tana cin goro, bakin ya yi ja wur, a lokacinsu ado ne. Kakanmu kuma garin taba da kanwa yake matsawa a leɓe. Ashe dai ganyen nan ya daɗe da shiga gidajenmu ta ƙofofi daban-daban.

Injiniya_Deira:
Mu dawo kan Alhaji Garba. Alhaji akwai tambayar da ba wanda ya yi maka. Ka tabbata ta gaskiya ce? Cohiba na cikin abubuwan da aka fi yi wa jabu. Ni an taɓa yi min. Wani shago na shiga a wata tafiya, mai shagon ya fito min da akwati mai murfin gilashi, kara biyar a jere, ya ce rabin farashi. Na biya ina murna. Da na nuna wa wani abokin aikina ɗan Sifen, ko buɗewa bai yi ba ya ce Cohiba ba ta yin akwati mai murfin gilashi. Muka tsaga ɗaya da wuƙa a kan tebur. Maimakon dogayen ganye sai ɓarɓashi ya zubo, da jijiyoyin ganye, har da wani zare. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kyauta na yi niyyar yi da ita.

Garba_Kwari:
Kai, wannan ban yi tunaninsa ba. Ba a akwati ya ba ni ba, daga nasa ya zaro ya sa min a leda. Mutumin kirki ne, shekara takwas muna ciniki. Ta yaya zan gane?

Injiniya_Deira:
Shi ma ana iya cutarsa bai sani ba. Ka duba zoben. Rubutun zinaren ya kamata ya taso ka ji shi da yatsa, fararen ɗigogin su jeru daidai ba a yanke wani layi a rabi ba. Ka duba kan, na Kuba hular hawa uku take, za ka ga layuka a zagaye. In da akwati ne da an duba hatimin gwamnati mai kore, yana da lamba da ake bincikawa a shafin Habanos, a ƙasan akwatin kuma akwai Hecho en Cuba da watan da aka zuba. Amma hanya mafi sauƙi, guntun da ka sha jiya in bai shiga shara ba, tsaga shi.

Garba_Kwari:
Na tsaga yanzu. Ganye ne dogaye a nannaɗe, na ware guda uku har na shimfiɗa su, ɗaya ya fi sauran duhu da kauri, yana tsakiya. Babu gari. Kan kuma akwai layukan da ka ce.

Sadiq_Madrid:
Mai duhun nan shi ne ligero. Alama ce mai kyau. Ka auna tsawon ɗaya daga cikin biyun da suka rage. In ta kai wajen santimita 12 da rabi kuma tana da kauri kamar babban yatsa, Robusto ce. Kaurin da lamba ake faɗinsa, inci ɗaya a raba 64, Robusto 50 ce. Wadda ake kira Churchill ta fi tsawo, inci 7, kauri 47.

Yanzu ga yadda za ka ceci sauran. Samo robar abinci mai murfi da ba ta shan iska, sabuwa wadda ba ta taɓa ɗaukar yaji ko daddawa ba, don ganyen yana kwasar duk warin da ya tarar. Akwai 'yar jakar danshi da ake kira Boveda, ka nemi mai lamba 65 ka fara da ita. In babu, ɗan sabon soso da ruwan batir wanda ba a sa wa asid ba, wato tataccen ruwa, ka matse sosai ka sa a murfin kwalba a gefe, kar ya taɓa tabar. Kar ka yi gaggawa. In danshi ya shige ta lokaci ɗaya hanjin zai kumbura kafin rigar, ta fashe. Ba ta sati uku zuwa wata. Ba za ta dawo yadda take ba, amma za ka ji wani abu.

Injiniya_Deira:
Ka kuma kula da zafi in bazara ta shigo. Akwai wani ɗan ƙwaro da ƙwansa ke kwance a ganyen, in ɗaki ya yi zafi ya ƙyanƙyashe ya huda ta kamar gyaɗar da ta daɗe a buhu. Ana kashe shi da sa ta a firiza kwana uku a cikin leda, amma da yanayin wutarmu a gida wannan sai mai sola.

Mai_Bakhur_Omdurman:
Ni ba na shan taba, amma sana'ata turaren wuta, kuma hirar nan ta yi kama da tamu. Mutum zai zo ya ce me ya sa wannan guntun itacen oud ya fi wancan tsada sau goma, duka hayaƙi ne. Sai na ɗora masa a garwashi. Mai arha ƙanshinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, yana ƙarewa da ƙauri. Mai kyau yana sauyawa. Sadiq, haka taku take?

Sadiq_Madrid:
Haka take, ɗan'uwa, ka gane abin fiye da wasu masu sha. Ana raba ta kashi uku. In na ɗauki Cohiba Robusto mai lafiya, farkonta kamar ƙanshin busasshiyar ciyawa ne da ɗan zuma. Tsakiya sai ta yi kauri, ka ji kamar gyaɗa da aka soya a yashi, da ƙanshin itace. Ƙarshe ta yi nauyi, gahawa da barkono. Dalili shi ne hayaƙin yana ratsa sauran ganyen yana barin maiƙo, don haka abin da ka tarar a ƙarshe ya fi tauri. Ana ja sau ɗaya ko biyu a minti, ba a hanzari. Tokar ta tsaya da kanta ta kai gaɓar yatsa ba ta faɗi ba, layin wutar ya zagaya daidai kamar zobe. Wannan ne shaidar hannun mai naɗi.

Amma zan faɗi abin da wasu masoya Kuba ba sa so. A wajen gini, na fi samun matsala da na Kuba. A akwati mai 25 ba abin mamaki ba ne baƙo ya dawo min da ɗaya ya ce ta toshe. Na Nikaragwa da Dominika da wuya hakan ta faru.

Ɗan_Damagaram:
To me ya kai taba Nikaragwa kuma? Na ɗauka abin na Kuba ne.

Tarihi_Sakkwato:
Siyasa ce ta kai ta. Bayan juyin 1959 gwamnatin Castro ta ƙwace masana'antun taba, masu su da yawa suka fice da iliminsu da iri. A Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya sa wa Kuba takunkumi, kasuwar Amurka ta rufe. Sakataren yaɗa labaransa Pierre Salinger ya ba da labari da bakinsa cewa kafin a sa hannu sai da shugaban ya aike shi ya sayo masa sigar Kuba ta H. Upmann, ya samo kara 1,200. Waɗanda suka fice suka nemi ƙasa mai kama da tasu, suka samu a Estelí da Jalapa a Nikaragwa, da kwarin Cibao a Dominika, da Honduras. José Orlando Padrón ya kafa nasa kamfanin a Miami a 1964, yau tabarsa ta Estelí tana gogayya da kowace.

Sadiq_Madrid:
Kuma in Alhaji Garba ya tambaye ni inda kuɗi ke sayen aiki ba suna ba, Padrón ta talakawa, ba mai tsadar da suke yi don bikin cika shekara ba, zan nuna masa. Ɗanɗanonta koko da gahawa, ba ta toshewa, kuɗin Cohiba ɗaya zai saya maka da yawa. Sai dai ba ta da wannan ƙanshin ciyawa da zuma. Shi kam a Vuelta Abajo kaɗai na taɓa jin sa.

Ummu_Hanif:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Alhaji ka mayar wa mai su, ko ka jefar. Matarka da 'ya'yanka su ma hayaƙin yana shiga ƙirjinsu.

Garba_Kwari:
Na gode Hajiya, kuma maganar Anti Rakiya ta tsaya min tun shekaranjiya. A gida ba na sha, wannan na daɗe da yi wa uwargida alkawari.

Garba_Kwari:
Jama'a na dawo, yau kwana 26. Na bi yadda Sadiq ya ce, da soso da tataccen ruwa. Ɗaya rigarta ta ƙara tsagewa, ina jin na matso da soson kusa da yawa. Ɗayar ta yi laushi, in na matsa ta tana dawowa. Na zauna da ita a bayan shago bayan an tashi kasuwa, ban zuƙa ba. Ta ɗauke ni kusan awa. Wutar ta tafi daidai, tokar fara-fara ta tsaya. Ciyawar na ji ta, gyaɗar ma na ji a tsakiya, zumar ce ban samu ba. Ƙarshenta ya yi min nauyi har kaina ya ɗan juya, na ajiye da saura. Na yarda akwai aiki a ciki, ba irin abin da na saba ba ne ko kusa. Amma da kuɗina ba zan saya ba. Abin da na lura kuma, washegari da na kunna sigarina sai na ji takarda kawai nake sha, na kashe a rabi.

Nas_Rakiya:
To Alhaji ka riƙe wannan ƙyamar da ka ji, ka zo asibiti a duba maka baki, a kuma yi maganar yadda za ka rage. Mutane da yawa da suka bari daga irin wannan ranar suka fara.

Ɗan_Damagaram:
Ka ce da kuɗinka ba za ka saya ba. Ni wannan ce amsar.

Sadiq_Madrid:
Wadda ta sha hunturu wata biyu ya ɗanɗana, Ɗan_Damagaram. Zumar da bai ji ba a durowa ta tsaya.

Ɗan_Batouri:
Alhaji Garba, mai tsagaggiyar rigar nan kar ka jefar. Ka jiƙa ta kaɗan ka warware rigar a hankali ka ɗaga ta a haske ka ɗauko min hoto. Ina so in nuna wa wata gwaggona da ta yi shekaru tana zaɓen ganye, ta faɗa mana ko na Kuban ya kai namu laushi.